Tafin Baba a jikin bango

Jiya a kasuwar Souq Waqif ta Doha na tsinci kaina ina shafa bango kafin in shiga shago, sai Baba ya faɗo mini a rai. Tsohon magini ne ɗan garinmu da ya koma tuƙin mota a Doha. Ba ya shiga gini sai ya ɗora tafinsa a bango, kamar mai duba zazzaɓi.

Lokacin da ake sake gina kasuwar, muna shan shayi, ƙamshin ɗanyen yaɓe yana tashi, na ce masa zan watsar da binciken karatuna na zanen gini kan wani Bature mai zana manyan gidajen karkara a Ingila. Ina ruwana da shi?

Ya karɓi hoton ɗaya daga cikin gidajen a hannuna, ya daɗe yana bin bututun hayaƙinsa da kaushin yatsa.

"Wannan ya san sanyin ƙasarsu," in ji shi. "Ɗana, ƙarasa koyon yadda ya yi da sanyinsu, ka zo ka yi da zafinmu."

Na ƙarasa. Bai ga gidan farko da na zana ba, amma bangonsa da sanyi ko da tsakar bazara. Allah Ya sanyaya makwancinsa fiye da haka.