Mai Tukunya Ya Tafi da Ƙura a Ƙirji

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, tara ga watan jiya, shugaban sashenmu, wanda muke kira Mai Tukunya, ya rasu. Huhunsa ne ya gaza.

Tukunyar ita ce ƙaton injin da muke zuƙe wa iska, mu gasa farin tangaran a ciki har ya zama tururi, ya kwanta a kan fukafukan injin jirgi. Shafi ne siriri kamar ɓawon albasa, amma yana hana wuta cin ƙarfe.

Yaya Mai Tukunya, kai ka koya mini aikin. Ranar da na taɓa ƙarfe ba safar hannu, shafin ya ɓare, ba ka yi faɗa ba. Cewa ka yi, "Ƙanwata, maiƙon yatsanki ya fi ƙarfin injinmu. A wanke, a sake."

Tururin nan yana kama bangon tukunyar ma, dole a shiga a kankare. Na'urar janye ƙura ta lalace, masu kamfani suka ce a yi haƙuri. Sai ka hana kowa shiga, sai kai. "Ku kuna da sauran amfani," haka kake cewa, ka fito fari fat har gira, kana dariya. Da tabaranka ya yi hazo kuma sai ka sauke takunkumin kare hanci. Na yi masifa har na gaji. Har yau fushi nake da kai.

Masu kamfani sun zo gaisuwa a manyan motoci. Wai za a sa sunanka a ƙofar ɗakin tukunyar. Ban ji wanda ya ambaci na'urar ba.

A gilashin leƙa tukunyar, ta ciki, akwai shatin tafin hannunka. Shafi ya hau kansa, ba ya goguwa. Ta tsakanin yatsunka nake duba wuta. In famfon iska ya tashi, tarinka nake ji, har in waiwaya.

Bangon ya sake kauri. Jiya aka ce in zaɓi mai shiga cikin mutanen da ka kare. Na kulle ɗakin, mabuɗin yana jakata. Ko su gyara na'urar, ko su kore ni.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanka da mahaifiyarka, da matarka, wadda ta riƙe hannuna ta ce, "Gaya mini gaskiya, aikin ne?" Na ce mata shi ne. Allah Ya ba ku dangana.