"Ba Komai" ɗin Inna

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa roƙona komai baki da baki ba. In tana son abu sai ta gaya wa matata. Na san wannan sarai, shi ya sa laifina ya fi girma.

Gab da faɗuwar damina ta zame a wurin alwala, a gidanmu na Ɗantutture. Ba daga bisa ta faɗo ba, zaman dirshan kawai ta yi. Muka kinkime ta zuwa ɗaki. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Inna, a kai ki asibiti?"

Ta kau da kai, ta ce wa matata, "Gaya mashi ba komai, targaɗe ne."

Na ga zufa a goshinta, na ga yadda ta damƙe gefen katifa. Amma kuɗin taki ne a aljihuna. Na ce a raina ai irin wannan faɗuwa ba ta karya ƙashi. Na karɓi "ba komai" ɗin nan hannu bibbiyu. Na ɗauko maɗori daga Kurfi, ya shafa mai, ya ja ƙafar. Ko tari ba ta yi ba, don ina tsaye.

Sati uku tana salla a kwance. Ran da ƙanwata ta zo daga Karofi ta yaye zanen, sai ta ƙwala mini kira: "Yaya, makaho ne kai? Dubi ƙafar ga!" Ƙafar ta gajarce, tafin ya kwanta gefe guda.

A asibiti a Dutsin-Ma aka ɗauki hoto. Likita ya nuna mini ƙashin ƙugu a karye. Ya ce mace in ta daina al'ada ƙashinta kan riƙa zaizayewa ta ciki, kamar icen da gara ta ci. Ya tambayi yaushe ta faɗi.

Na ce, "Kwanan nan."

Ƙanwata ta ce, "Sati uku, likita."

Likita ya ce sai an yi mata aiki, kuma sai a Katsina, kuma bai yi alkawarin za ta sake takawa ba. Takin na sayar da shi a buhunsa. Mota, jini, magani da ƙarfen da aka sa mata suka cinye waken ajiya, suka bi da shanun huɗa biyu.

Allah Ya sa tana takawa yanzu, da sanda, daga ɗaki zuwa inuwa. Amma likita ya ce ɗaya ƙugun ma ya zaizaye, kuma turke babu komai. Ko buta na ji ta faɗi sai gabana ya yanke.

Jiya da hantsi na tarar da ita dafe da bango tana nishi. Na ce, "Inna, mi ya faru?"

Ta dubi matata. "Gaya mashi ba komai."

Ban jira ta rufe baki ba na fita neman mota.