Tsanin Kawu da Hancin Inna

Kawuna mai rubuta allunan shaguna ne, shekara arba'in yana bisa tsani da buroshi a hannu. Mutum ne da in ya ga harafi a karkace a titi, ranar abinci ba ya masa daɗi. Da jiri ya fara ɗibarsa, har ya faɗo ya zauna daram cikin bokitin shuɗin fenti, sai 'yarsa ta ɗaure tsanin da sarƙa ta jefa makullin a jaka. Ta ce ba zai sake hawa ba sai ya tsaya da ƙafa ɗaya an ƙirga talatin. Kawu ba tsani kuwa, abin tausayi ne.

A asibiti likita ta ba shi kati mai harafi ɗaya. Ta ce ya manna a bango, ya kafa masa ido yana juya kai dama da hagu, sau uku a rana. Kawu ya dubi katin ya yi tsaki.

"Wa ya rubuta wannan? Ƙafar harafin ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

Ya gyara. Washegari ya ƙara masa inuwa. Kafin mako harafin ya cinye bango har da furanni, kan Kawu kuwa bai juya ko sau ɗaya ba.

"Baba," in ji 'yarsa, "to nemi abin kallon da ba za ka iya gyarawa ba."

Ya dubi ƙofa, ya dubi agogo, duk suna bukatar fenti. Idonsa ya sauka kan hancin matarsa, Inna.

Haka aka yi wata biyu. Inna a kujera, shi a tsaye yana kaɗa kai.

"Malam, ina da wanki fa."

"Kar ki motsa. Hancin nake kallo, ba ke ba."

Duk da haka ta fara shafa hoda tun da safe.

Ranar gwaji Inna aka ba ƙirga. Kawu ya ɗage ƙafa kamar zakara, ko gezau. Inna ta kai ashirin da tara, ta yi ta maimaita ashirin da tara har ya gaji ya sauke.

"Bai kai ba," ta ce.

Raina ya ɓaci, na bi ta kicin. "Haba Inna, ya wuce hamsin fa!"

Ta ci gaba da ɗauraye kofi, ba ta ɗago ba.

"Na sani. Shekara arba'in ƙeyarsa nake gani daga gindin tsani. Ku bar min wata guda."