Hannuna a Kafaɗar Yaya

Jiya jikar marigayiya yayata ta kai ni unguwar Gounghin in ga zanen fentin da ta yi a bango daga tsohon hotonmu na Sallah. Ga Yaya ta cika bango, sanye da leshina mai ruwan ƙwai. Ni kuwa an yanke ni, sai hannuna a kafaɗarta.

Na ce, "Ke, ina sauran jikina?"

Ta ce, "Kaka, ai kin murtuke fuska."

Ranar da aka ɗauki hoton ma, a gaban mai hoto, Yaya tana ƙamshin turaren wuta ta zungure ni: "Saki fuska, hoto ba ya mantuwa." Na ƙi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Yaya. Leshin na yafe miki. Bangon ne dai tukuna.