Saniyar da Na Sa a Wasa

Ni ce na haɗa wa ƙungiyar manoman citta ta ƙauyenmu shafin intanet, kuma gaskiya ba don Allah kaɗai na yi ba, na yi ne don a san na yi karatu. Na gama kwas ɗin kwamfuta a Kafanchan na dawo gida na zauna, aiki ya ƙi zuwa, ƙannen mahaifiyata har sun fara tambaya ko kwamfutar ce za ta aure ni. Da ciyaman ɗin ƙungiya ya ce suna son masu saye na Kano da Legas su riƙa ganin cittarsu a waya, ban bari ya rufe baki ba na ce zan iya.

Shafin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Ga hotunan citta a shanye a kan dutse, ga farashin mako. Sai dai babu mai zama. Akwai wurin da nake duba masu shigowa, sai in ga mutum ya leƙo ya fita kamar wanda ya yi ɓatan gida. Ciyaman kuwa duk Lahadi bayan sujada sai ya tare ni a ƙofar majami'a.

"Injiniya, yaya wabsait namu? Mutane yana zuwa?"

"Suna zuwa, Baba."

"To ina su?"

Ina da zuciya, kuma ba na son a riƙa ce mini injiniya ana murmushi. Na shiga bincike, na ga masu harkar suna cewa in kana son baƙo ya daɗe a shafinka, ka sa masa ɗan wasa da zai riƙa dannawa. Na samu wani na kyauta: ɓera yana leƙowa daga rami, ka danna kansa, guduma ta sauka, ka ci maki. Na ce a'a, sai na mai da shi namu. Ramukan na mai da su kunyoyin citta, gudumar ta zama sanda. Saura ɓera. Ɓera bai dami citta ba, abin da manomi ke kuka da shi shi ne dabba ta shiga ta tattake masa gona. Na duba wayata, sai ga hoton wata farar saniya da na ɗauka a gonar mahaifina da rani, ta kalli kyamara sosai kamar ta san hoto ake yi. Na yanke hoton na ɗora, na nemo kukan saniya a intanet na haɗa. Har dariya na yi da na gwada.

Abin da ya kai saniya gonarmu shi ne, mahaifina yana da aboki Bafulatani, tsoho, wanda mu 'ya'yan gidan muke ce wa Baffa. Rugarsu tana hayin rafi. Tun ba a haife ni ba, duk shekara in an girbe dawa, garkensa yana zuwa ya zauna a gonar mahaifina, shanu su ci kara su bar taki, da damina mahaifina ya shuka citta a wurin. Babu takarda, babu shaida. Ko a shekarun da ƙasarmu ta yi zafi, kowa yana kallon maƙwabcinsa da gefen ido, su biyun ba su daina aika wa juna labari ba. 'Yar Baffa, sa'ata ce, ita ke kawo mana nono da man shanu duk ranar kasuwa. Duk wannan na sani. Amma lokacin da nake yankan hoton, wallahi ko ɗaya bai zo mini a rai ba.

Na tura wasan a guruf ɗin matasan majami'a. Kafin kwana biyu shafin ya cika. Daga Sabon Tasha ake shiga, daga Jere, har daga wuraren da ban taɓa zuwa ba. Ciyaman ya miƙo mini hannu biyu a gaban mutane. Na yi ta yawo a gari kaina yana rawa.

A rana ta huɗu ina wanki a tsakar gida, matar maƙwabcinmu ta shigo da wayarta a hannu. Ta ce, "Ba naki ba ne wannan?" Bidiyo ne. Wani ya ɗauki wasan yana bugawa, ya cire kukan saniyar ya sa ƙarar bindiga, ya rubuta a sama da manyan baƙaƙe: HAKA ZA MU YI MUSU BANA. A ƙasa ga sunan ƙungiyarmu da sunan ƙauyenmu, yadda na rubuta su da hannuna.

Da kumfar sabulu a hannu na ruga ɗaki na cire wasan daga shafin. Minti biyu ya ɗauke ni. Na zauna a bakin gado ina gaya wa kaina an gama, alhali na san ƙarya nake yi. Magana zarar bunu ce, bidiyo kuwa ya fi magana, don yana cikin aljihun kowa.

Ranar kasuwa ta zo, 'yar Baffa ba ta zo ba. Mahaifiyata ta ajiye kwanon nono a bakin ƙofa har rana ta yi tsaka, sannan ta ɗauke ta kife shi. Da yamma mahaifina ya dawo daga gona, bai ko ajiye fartanya ba ya kira ni. Wani makiyayi ne ya tare shi a hanya ya nuna masa waya. Ya yi mini magana da Hausa, ba da yarenmu ba, abin da yake yi ke nan in ransa ya ɓaci.

"Wannan saniya, a ina kin samu shi?"

"A gonarmu, Baba. Saniya ce kawai."

"Kawai? Kin duba kunne?"

Ban duba ba. Na buɗe hoton, sai ga yanka biyu a kunnen dama, ɗaya a na hagu. A idona shanu duk ɗaya ne, fari fari ne, ja ja ne. Ashe wannan yankan shaidar gidan Baffa ce, kuma duk makiyayin da ke yankinmu yana karanta ta kamar yadda nake karanta lambar mota. Wato a wurinsu ba hoton saniya aka sa a wasa ba. Saniyar wane ce, ta ruga kaza, 'yar manomi wane ta ɗora ta a waya ana dukanta, yanzu kuma an sa ƙarar bindiga an ce bana.

Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba. Ba na iya cin abinci. Duk mashin ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa ta taga. Jita-jita ta fara yawo: wai an ga baƙin fuskoki a hayin rafi, wai samarinmu sun yi taro a bayan makaranta. Masu shago suka fara rufewa tun la'asar. Na shiga ɗakin mahaifiyata na tarar tana zuba takardun makarantarmu da Littafi Mai Tsarki a cikin leda, ta cusa a jakar da ba a taɓa ta sai in ana shirin gudu. Ta ganni, ta ci gaba da abin da take yi. Na fita bayan gida na yi kuka. A ƙasarmu an sha ganin abin da bai kai wannan ba ya ci ƙauye, ni kuwa don kada a ce mini injiniya ana murmushi na ɗauko shi.

Mahaifina ya ce in ɗaura zane in rufe kai, gobe da safe za mu je rugar Baffa. Ya sayi goro da buhun gishiri ƙarami. Ya aika wa ciyaman ya raka mu, tunda sunan ƙungiya ne a jikin abin. Sai ga saƙo wai an yi masa rasuwa a Kauru, ya riga ya hau mota. Mutumin da ya miƙo mini hannu biyu! Har yau ban ji wanda ya mutu ba.

Muka hau mashin ɗin mahaifina, ina baya riƙe da gishiri. Hanyar da na sha bi ina yarinya ce, amma ranar kowane daji sai na ga kamar da mutum a bayansa. Da muka haye rafi muka tarar da samari huɗu zaune a gindin ɗorawa da sandunansu. Mahaifina ya rage gudu ya yi sallama. Ɗaya ne ya amsa, shi ma a ciki. Na ji idanunsu a bayana har muka shiga ruga, ina ta "Yesu, Yesu" a zuci.

Baffa yana zaune a kan buzu. Suka gaisa da mahaifina, gaisuwa mai tsawo, gida, shanu, ruwa, gajiya, kamar babu abin da ya kawo mu. Ni na durƙusa a gefe. 'Yarsa tana tsaye a bakin bukka, ba ta kalle ni ba. Mahaifina ya ajiye goro da gishiri ya ce, "Yarinya ya yi ɓarna. Na kawo shi."

Baffa ya juyo. "'Yata, na ga na bindiga. An ce ba shi kika yi ba. Nuna mini wanda kika yi."

Akwai kwafi a wayata. Na buɗe na miƙa. Ya ce in buga ya gani. Saniyar ta leƙo daga kunya, ta koma, ta sake leƙowa, na kasa ɗaga yatsa. Sai ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da ido, ya sa babban yatsansa ya danna. Sanda ta sauka, saniya ta yi kuka, maki ya hau.

"Kukan ba nata ba ne," ya ce. "Wannan kukan bijimi ne."

Ban san ko dariya ake so in yi ko kuka ba. Ya miƙo mini wayar, ya nuna 'yarsa da haɓa. "Ba tawa ba ce ma. Tata ce. Ranar da aka raɗa mata suna na ba ta karsana, wannan jikar karsanar ce. Nonon da kuke sha a gidanku, rabi daga jikinta yake."

Na juya wajen 'yarsa na ce ta yafe mini don Allah. Ta ce, "Ba komai," ta shige bukka.

Baffa ya ce wa mahaifina, "Na san ba da mugunta ta yi ba. Amma yaran nan da kuka wuce a gindin ɗorawa ba su san ta tana rarrafe ba kamar ni. Nawa yaran, ni zan riƙe su. Naku fa, wa zai riƙe?"

Daga ruga gidan fasto muka wuce. Ranar Lahadi, bayan wa'azi, aka kira ni gaba. Na tsaya a gaban dukan ikilisiya na faɗi abin da na yi, na faɗi ta wacce ce saniyar, na roƙi duk mai bidiyon ya goge. Dattawa suka bi gida gida wajen samari. Wasu sun goge, wasu sun ce sun goge. Wanda ya sa ƙarar bindigar ba a taɓa sanin ko wane ne ba, ko kuma an sani aka yi shiru.

Ba a yi faɗa ba. Amma ban san ba za a yi ba, shi ya sa sauran damina duka a tsorace na yi ta. In wayata ta yi ƙara sai na yi addu'a kafin in duba. Jakar mahaifiyata ba ta koma ƙarƙashin gado ba, nono kuma bai dawo ba. Mahaifina bai sake tayar da maganar ba, sai dai na lura da aka girbe dawa kullum da safe sai ya je gona ya tsaya yana kallon hayin rafi, alhali babu aikin da ya rage a can.

Wata safiya ya shigo da sauri yana kiran mahaifiyata ta ɗora ruwan shayi. Garke ya haye. Na bi shi gona da gudu, ko takalmi ban sa daidai ba. Ga su nan sun bazu cikin kara, ga Baffa da sandarsa a kafaɗa, mahaifina yana ta dariya kamar yaro. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Na shiga tsakanin shanun ina duba kunnuwa, karo na farko a rayuwata, ina neman mai yanka biyu a dama da fuskar nan da na sani. Duk suna da yankan. Babu ita.

'Yar Baffa tana gefen gona tana sauke ƙwarya. Na je na gaishe ta, ta amsa da kyau. Na ce ina farar nan tata.

Ta gyara faifan da ke kan ƙwaryar kafin ta amsa. "Baffa ya kai ta kasuwa tun kafin a yi girbi. Ya ce saniyar da duk gari ya san fuskarta ba za ta yi kiwo lafiya ba. In wani yaro ya sare ta, ba zai iya riƙe kowa ba."

Na sake juyawa na kalli garken.

"Saniyar tana da ciki," ta ce. Sannan ta tambaye ni ko Mama tana son nono yau.