Itatuwan Gawo na Tirmini

Da na gama jami'a, aikin farko da na samu a wani shiri na karbon ne. Abin da na fahimta, in ban yi kuskure ba, itace mai rai yana riƙe iskar da ke ɗumama duniya, don haka gona mai rayayyun itatuwa ake shigarwa cikin shirin. Ni ɗan Birni ne, a kwano na san gero.

Cikin damina aka tura ni ƙauyen Tirmini, in duba gonar wani dattijo. Geronsa ya yi kore shar, amma itatuwan gawon da ke tsakiya babu ganye ko ɗaya. Na zagaya kowanne sau biyu don kada in zalunci mutum, sannan na rubuta: matacce. Da wannan takarda gonarsa ba za ta shiga ba.

Na ce, "Baba, sai haƙuri, da alama itatuwanka sun mutu."

Ya dube su, ya dube ni. "Kowace damina suna mutuwa, malam. Bayan girbi su tashi."

Ya bayyana mini cewa gawo da damina yake zubar da ganye, shi ya sa gero ke samun rana a ƙarƙashinsa.

Na soke, na rubuta: mai rai. Gonar ta shiga. Amma hankalina bai kwanta ba sai da na koma da rani na same su lulluɓe da ganye. Dattijon ya tambaye ni ko ta'aziyya na zo.