Katakon Goge Buroshi

Mai Fenti ya tsufa yana rubuta sunayen shaguna. Da hannunsa ya fara rawa aka daina kiransa, sai ya koma yawo cikin gonaki. In ya dawo yakan shafa wa katako launukan da ya gani a can, ja da kore kawai, babu siffar bishiya ko gida. Guda ɗaya ya yi masa daidai, ya jingine shi a falo don ɗansa ya gani.

Washegari ya tarar an rufe bakin akurkin kaji da shi.

"Baba, ba katakon da kake goge buroshi ba ne?" in ji ɗan.

"Shi ne," ya ce.

Har yanzu yana yawonsa, amma fentin ya bushe a gwangwani.